Uwar Sanyi da Gaggawar Sarki Budimir

An ce a zamanin da, can arewacin duniya inda kogi kan daskare har doki ya bi ta kansa da kaya, an yi wani sarki mai suna Budimir. Mutanensa ba su san littafi ba, tsawa da manyan itatuwa suke yi wa yanka. Suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. In sanyi ya kusa ƙarewa sai a ɗaure mutum-mutumin mace da karan alkama, a sa mata farar riga, a kira ta Uwar Sanyi. Ranar da ƙanƙarar kogi ta tsage da kanta sai gari ya fita, a cinna mata wuta, a jefa ta ruwa, a juyo gida a jere. Sharaɗin ɗaya ne, kada kowa ya waiwaya, don a wurinsu wanda ya waiwaya ya kira ta ke nan ta dawo.

Wata shekara sanyi ya ishi sarki, ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Sai ya yi doka a jefa Uwar Sanyi washegari, alhali kogi na nan kamar dutse. Wazirinsa Dalibor, dattijon da ya yi wa sarakuna biyu hidima kafin wannan, ya roƙi a dakata. Sarki ya ce ai dakatawar ce ta gajiyar da shi. Aka sa Zalatana, tsohuwar da ta gaji wannan aiki daga kakarta, ta ɗaure karan tana gunaguni. Aka fasa ƙanƙara da gatura, aka cusa Uwar Sanyi cikin ramin, aka dawo ana waƙa.

Sanyi kuwa ko gezau. Kwana bakwai dusar ƙanƙara na zuba, har tumaki suka fara mutuwa a garke. Sarki ya fusata, kuma da ma laifi tudu ne, sai ya sa aka yi shela cewa lalle wani ya waiwaya, kuma duk wanda aka kama zai bi Uwar Sanyi cikin ramin nan. Nan da nan Ratimir, mai riƙe da tutar sarki, ya faɗi gaban gadon mulki ya rantse da tsawa cewa da idonsa ya ga Zalatana ta waiwaya. Kowa a fada ya san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kurmin tsohuwar, mai itatuwa cike da zuma, amma ba wanda ya tofa. Aka yanke cewa jibi za a jefa ta.

Abin ya yi wa Waziri ciwo ƙwarai, amma ya san ba a tarar sarki ta gaba in ya hasala. Sai ya yaba hukuncin, ya ƙara da cewa tun da a bakin kogi aka yi laifin, ya kamata gari duka ya sake jeruwa a can, kowa a inda ya tsaya ran nan, domin iskokin ruwa su shaida. Sarki ya ga wannan zai ƙara wa hukuncinsa kwarjini, ya amince.

Ranar ta zo, aka jeru, kowa ya ba kogi baya. Ratimir na kan gaba da tuta, sarki na biye, sai fadawa, sai talakawa, Zalatana can ƙarshe inda al'ada ta ajiye mai ɗaure karan. Waziri ya taka a hankali har wurinta, ya sa mata cokalin katako a hannu ya ce ta ɗaga sama, sannan ya dawo gaba.

Ya ce, "Mai tuta, kada ka juya. Gaya wa sarki abin da tsohuwa ke riƙe da shi."

Ratimir ya ce ta yaya zai sani, ga mutum ɗari biyar tsakaninsu, ita kuma tana bayansa.

Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. In ya gan ta ran nan, to shi ne ya waiwaya, ramin nasa ne. In kuwa bai waiwaya ba, bai gan ta ba, ya rantse maka a kan ƙarya. Ya zaɓi ɗaya."

Gaba kura, baya sayaki. Ratimir ya tuna baƙin ruwan da ke motsi cikin ramin, ya ce ƙarya ya yi, zumar yake so.

Sarki ya tambaya, to wa ya dawo da sanyi? Waziri ya ce a tambayi wadda ta fi kowa sanin aikin. Aka kawo Zalatana, cokalin na hannunta har yanzu.

Ta ce, "Zaki, ba ta dawo ba, ai ba ta tafi ba. Mu ba korar ta muke yi ba, rakiya muke mata in ta tashi tafiya. Shekara sittin ina ɗaure ta, ban taɓa ganin an kai gatari wurin rakiya ba sai bana."

Fadawa suka sunkuyar da kai, suna jiran tsawa. Amma Budimir mai gaggawa ne, ba azzalumi ba. Ya cire rigar fatar da ke jikinsa ya yafa wa tsohuwar, ya ce a gaban jama'a laifin nasa ne, kuma daga yau ba sarkin da zai sake sa wa kogi rana. Ya karɓe tuta daga Ratimir, ya yanke masa zaman bakin kogi kullum daga safe zuwa yamma, yana sauraron ƙanƙara har ta tsage.

Kwana goma sha tara ya yi a can yana karkarwa. Ran na ashirin aka gan shi ya shigo gari a guje yana cewa ta tsage. Zalatana ba ta yarda da bakinsa ba, sai da ta dogara sandarta ta je ta gani da idonta, sannan ta aika a kawo mata kara.