Kujerar Malam Barau

Ku gyara zama ku ji wannan, don ku za ku yanke hukunci.

Malam Barau ya rasu ya bar wa matarsa Yalwa tsohuwar Fijo a ƙofar gida. Shekara huɗu motar ba ta tashi ba, amma kullum da safe sai Yalwa ta goge ta, don a cikinta ya kai ta asibiti haihuwar 'yarsu ta fari, yana tuƙi yana kukan da ya fi nata. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun yi tayi har sun gaji. "Ko madubinta kuɗinku bai kai ba," in ji ta.

Ran nan sai ga ma'aikatan tsara gari, suka shafa wa motar jan fenti, suka bar takarda. Wai doka ta hana ajiye matacciyar mota a layin da mutane ke zaune. In kwana bakwai suka cika tana nan, za a ja ta. Yalwa ba ta iya karanta takardar ba, sai ta aika wa abokan mijinta uku, waɗanda a da suke taruwa a kan motar duk Asabar.

Sallau, tsohon akawu, ya yi kwana uku yana zaman benci a ofis, yana bin dokar layi-layi, har ya gano cewa motar da ta shiga gida da ƙarfin injinta, a gaban jami'i, ba mai taɓa ta.

Tanimu bakanike ya duba ya ga famfon mai ya mutu, irinsa kuwa an daina sayarwa. Ya je ya ciro na tasa Fijon, wadda ya shekara ashirin yana lallaɓawa, ya kuma san tasa ba za ta ƙara tashi ba har abada.

Sai kuma ƙofar Yalwa ta ƙi cin mota. Magaji maƙwabcinta, na ukun abokan, ya rushe katangarsa, ya sare mangwaron da mahaifiyarsa ta dasa, hanya ta buɗe har tsakar gidanta.

Rana ta bakwai motar ta yi tari sau biyu, ta tashi, ta shige. Jami'i ya juya ya tafi. Yalwa ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Da ta buɗe sai ta ce, "Ba ta sayarwa ba ce, kada ma wani ya soma. Amma ɗayanku zai zauna kujerar Malam, ya riƙa kai ni gidan 'yata duk Juma'a."

Makulli ɗaya ne, yana hannunta. To, a tafin wa za ta ajiye shi?