Sandar Sarki a Wasan Barau

An yi wani sarki a wani birni na bakin kogi, ana ce masa Zaharaddini, mai taushin zuciya ne da son nishaɗi, Allah kuwa Ya hore masa zaman lafiya, har yakan zauna kallon 'yan wasan kwaikwayo bayan an kai amfanin gona rumbu. Shugaban 'yan wasan, Tanimu, yana da wata ƙissa ta Barau Sarkin Jirgi, karimi, jarumi, wanda ba shi da aibi sai saurin fushi. A cikin wasan, wani magulmaci yakan ce wa Barau ƙanensa Nomau yana huda masa jirgi don ya gaje shi, alhali 'yan kallo sun gani da idonsu cewa toshe ɓarakar yake yi. Barau yakan kori Nomau zuwa ƙetaren kogi ana tsakiyar damina, gaskiya kuwa ba ta bayyana gare shi sai ruwa ya riga ya ci ƙanen nasa.

Da Sarki ya kalli wasan ya yi hawaye, ya kira Tanimu ya ce, "Na ƙaunaci Barau, ba kuwa zan lamunci a yi ta halaka shi a ƙofar gidana ba. Ka sauya ƙarshen, ko a daina wasan a ƙasata."

Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni da jama'ata da wannan wasa muke ci. Amma ba ni na kashe Nomau ba, halin wansa ne ya kashe shi, ban kuwa san yadda zan raba mutum da halinsa ba."

Sarki ya dubi Waziri Ɗalhatu, dattijo masanin balaga, ya ce ya yi hukunci tsakaninsu. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na yanke shari'a kan abin da ba a gwada ba. A sake wasan da hantsi, ka riƙe sandarka, duk inda ka ga za a iya ceton Barau ka ɗaga ta, 'yan wasa su bi umurninka."

Aka taru. Sarki ya jira har ƙarshe, ya ɗaga sanda ya ce a fito da Nomau daga ruwa da rai. Aka fito da shi yana tari, sai dandali ya ɓarke da dariya, wata tsohuwa ta ce, "Kai, wane kogi ne yake mayar da ajiya?" Sarki ma ya yi murmushi, ya ce a koma farko.

Wannan karon ya zuba ido da natsuwa, har aka zo inda Nomau yake durƙusawa yana cewa, "Yaya, ka ji ta bakina," Barau kuma yana shirin juya masa baya. Sarki ya miƙe bai sani ba, ya ɗaga sanda da ƙarfi ya ce, "Barau, tsaya ka saurare shi!" Mai fitowa a Barau ya tsaya, Nomau ya nuna masa ɓarakar da ya toshe, suka rungumi juna. 'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko, domin babu sauran abin yi.

Sarki ya ce, "Shi ke nan?"

Waziri ya ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe. Ka ceci Barau, ƙissa kuwa ta mutu. Da mugu ne shi, da faɗuwarsa ba ta ba mu tausayi ba. Da kuma marar laifi ne, da haushi kawai za mu ji. An yi shi mutumin kirki mai aibi guda domin kowa ya ga kamarsa a jikinsa. An sanar da mu abin da shi bai sani ba domin zuciyarmu ta yi ta yi masa kira, kamar yadda taka ta yi yanzu. An jinkirta masa ganewa har ta zama nadama, domin mu mu tashi da ganewar tun tana da amfani. Hawayen da ake zubarwa a dandali wanka ne ga zuciya, ba a binne kowa bayansa."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya. Tanimu, mayar mini da Barau kamar yadda yake, mu yi kukanmu cikin daɗin rai." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba 'yan wasa fili a gindin tsamiyar kasuwa, nasu har jikokinsu. Aka ƙarasa wasan ran nan, jama'a suka yi kuka, suka watse ana hira da raha.

Masu hikima sun ce, adalci kunne ne kafin ya zama baki, wanda kuwa ya yanke hukunci da jin ɓangare guda ya yi zalunci ko da ya dace da gaskiya.