Takalmin Alhaji Maude a Layin Zuba

Akwai wani likita Ba'indiye a Abuja, Dakta George, wanda ya zo aiki na ɗan lokaci, tuwo da miyar taushe suka riƙe shi har ya yi furfura. Duk Asabar yakan kafa tebur a wata rumfa a kasuwar Zuba, yana duba 'yan dako da direbobi kyauta.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, harka ta buɗe, manya ko mura suka yi sai jirgi.

Wata Asabar Alhaji Maude, darakta a wata ma'aikata, ya tsaya sayen abarba a kasuwar yana ɗingishi. Ciwon suga ne ya buɗe masa gyambo a ƙafar dama. Likitan ya hango shi, ya taso da Hausarsa ta kasuwa.

"Oga, wannan ƙafa ba shi da kyau. Zauna in gani, kar a yanke."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ke awo a tsakiyar ɓawon ayaba? Indiya zan tafi, wurin likitocin gaske."

Ya kuwa tafi. Babban likitan can ya kwance bandeji ya duba, sannan ya ce shi dai shawararsa a yanke. Amma akwai malaminsa, gwanin ceto irin wannan ƙafa. "A ƙasarku yake. Sunansa George."

Alhaji ya dawo jiki a sanyaye. A asibitin da Dakta George ke aiki aka ce babu gurbi sai wata mai zuwa, ƙafa kuwa ta fara baƙi. Dole sai Zuba.

Yana isa ya nufi tebur kai tsaye. Hindatu mai tallan nono ta tare shi.

"Ina zuwa, Alhaji? A nan takalmi ke bin layi, mai shi ya jira a gefe."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Mara lafiya mana. Cire."

Ga shi takalmi ɗaya ya sa, ɗaya ƙafar tana naɗe. Haka ya ajiye ɗan Italiyarsa a bayan silifa da takalman roba na makiyaya, ya tsaya ƙafa a ƙasa yana hararar kowa. Direbansa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Da aka zo kansa, ya shirya shan gori. Likitan cewa kawai ya yi, "Sannu da hanya, oga. Ana ruwa a garinmu?"

Ya durƙusa ya kwance ciwon. Mutane suka toshe hanci, shi ko yamutsa fuska bai yi ba, ya shiga wankewa. Kunya ta kama Alhaji har ya yi hawaye.

An sha jinya, amma ba a yanke ba. Da ƙafafunsa biyu ya yi ritaya.

Darasi: Kada ka raina mutum don ka same shi cikin talakawa, alheri ne ya kai shi can. Tura wa wannan ɗan'uwan naka mai ji da kai, ka san shi.