Badaru da Karan Gona

A wani ƙauye da ke gefen Tsamaye, cikin ƙasar Sabon Birni, akwai wani magidanci mai suna Badaru. Ba rago ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai ɗora masa ba. Cutarsa guda ce, ba ya iya jira. In ya fara abu da safe, so yake kafin la'asar ya ga riba a tafin hannunsa. Ko a majalisa ya zauna za ka ga ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na kan hanya, kamar wanda ya baro tukunya a wuta.

Babu irin sana'ar neman ƙari da bai taɓa ba. Ya sayi faifan sola ya kafa rumfar cajin waya, bayan wata biyu ya ga wani na sayar da fetur a kwalba, ya rushe rumfar ya koma can. Kafin masu babura su san da shi, ya ji labarin kajin gidan gona, ya kwaso 'yan tsaki hamsin ya zuba a ɗakin ajiya. Ya sayar da su tun ba su yi nama ba, don wai sun cika ci. Duk waɗannan sana'o'in akwai masu cin abinci da su a garin har yau. Shi dai bai taɓa tsayawa ya ga ƙarshen ko ɗaya ba.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne gonar da mahaifinsa ya bar masa. Jigawa ce, yashi zalla, amma duk shekara takan ba da dami tamanin na gero, ban da dawa da wake. Da ita yake ciyar da matarsa Sadiƙa da 'ya'yansu biyar, kuma rumbun gidan bai taɓa ƙarewa kafin sabo ya shigo ba. Don haka duk ɓarnar da zai yi a waje, tuwo dai ba ya yankewa a gida.

Albarkar gonar kuwa tana da dalili. Akwai wani dattijo makiyayi, Usmanu, aminin mahaifin Badaru, da rugarsa ke bayan gari. Tun da daɗewa suka yi tsari: da zarar an kwashe amfani, sai Usmanu ya kawo shanunsa su zauna a gonar wata biyu ko uku. Su ci karan gero da na dawa, su bar taki. Duk bayan kwana huɗu yakan matsar da makwancin shanun gaba, har sai taki ya game gonar daga wannan iyaka zuwa waccan. Ba a biyan kowa komai. Gidan Badaru su aika dami biyu ruga, matar Usmanu ta aiko da nono da man shanu, shi ke nan.

Wata ranar kasuwar Isa, bayan girbi, Badaru ya tarar da wani mutum ya kafa inji yana niƙa kara yana durawa a buhuna. Masu kiwon raguna sun yi layi suna saye. Ya tambaya, aka ce ai mutumin amalanke-amalanke yake sayen kara, kuma hannu da hannu yake biya. Nan take Badaru ya hau lissafi. Ko cefanen da ya kai shi bai yi ba, ya yi ciniki da mai injin a kan duk karan gonarsa, har da harawar wake, ya karɓi kuɗi ya hau mota.

Da ya gaya wa Sadiƙa, sai ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"To Malam, shanun Baffa Usmanu fa, mi za su ci?"

"Su ci abin da shanun kowa ka ci," in ji Badaru. "Shekara nawa muna zubar da kuɗɗi ba mu sani ba! Za ni sawo takin zamani buhu huɗu, ya hi kashin shanu nesa ba kusa ba."

"Ni dai da ka bari kun yi magana da shi tukuna."

"Magana mi? Kahin in gama gaisuwa da Baffa, wani ya riga ni kai kara."

Cikin kwana biyar aka share gonar tas. Ran na shida Usmanu ya iso da shanunsa kamar yadda ya saba, ya tsaya a bakin iyaka yana kallo. Badaru na ɗaure amalanken ƙarshe. Suka gaisa, dattijon bai rage komai a gaisuwar ba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, Badaru kuwa sai duban rana yake.

"Ɗana, na ga gona awa an share masallaci," in ji Usmanu. "Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Baffa. Kara ya yi daraja yanzu, na saishe shi."

Usmanu ya jinjina kai. "Harawa taka ta, ko ubanka ɗauka shika yi shi aje. Amma kara na ƙasa na. Shanu su ci, su maida mata. Yashin ga da kaka gani ba shi da komi sai abin da anka ba shi."

"Na riga na amshi kuɗɗin mutum, Baffa."

"To, Allah shi sa albarka."

Ya kaɗa shanunsa ya juya. Ni da nake ba ku labarin nan, har yau in na tuna wannan juyawar sai raina ya ɓaci. Shekara talatin mutum na kwana a gonarku, a sallame shi a tsaye ko ruwa ba a ba shi ba!

Gonar da ke maƙwabtaka da ta Badaru ta wani sa'ansa ce, Dalhatu, wanda suka tashi tare. Tasa ba ta kai ta Badaru kyau ba, ya daɗe yana fatan samun shanun da za su zauna masa. Yana ganin Usmanu ya juya, ya bi shi da sauri ya ce ga tasa gonar. Da yamma ya sami Badaru ya ce masa, "Ni ma neman na ƙari nika yi, abokina. Harawata na bisa rumfa, sai bazara in abinci ya yi wuya za ni hiddo ta, lokacin ta ninka. Raguna biyu na turke. Amma kara ban taɓa shi."

Badaru ya yi dariya. "Kai dai Dalhatu da tahiyar hawainiya! Kahin bazara ni na juya kuɗɗina sau ukku."

Ya kuwa juya su. Ya ji an ce ana samu da kabu-kabu tsakanin Isa da Bafarawa, ya sayi wani tsohon babur da ya fi kwana wurin makanike fiye da hawa hanya. Da damina ta matso, taki ya yi tsada, buhu huɗun nan ya koma buhu ɗaya. Shekarar ya sami dami sittin, ya ce laifin ruwa ne da ya ɗauke da wuri. Gonar Dalhatu da ke manne da tasa ruwan bai ɗauke mata ba, amma Badaru bai ga wannan ba.

Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya ƙara ƙaimi. Shekara ta biyu ya sake sayar da karan, har tushiya ya sa aka tone ya sayar wa masu tuya. Ya sayar da babur ya shiga sarin albasa, ya bar albasa ya koma gyaran fitilu. Kullum yana hanya, kullum yana da sabon lissafi, barci ma rabi da rabi yake yi. Sadiƙa ta gaji da magana ta zuba masa ido.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Gero ya fito kamar yatsa, sai ga iskar da kan zo gaban hadari. A gonar Dalhatu ragowar kara da taki sun riƙe ƙasa. A gonar Badaru ba abin da ya tare ta, yashi ya tashi ya binne shukar, wadda ta tsira ta ƙone. Ya sake shuka, aka sake binnewa. Ta uku ce ta kama, ita ma a makare, gero ya tashi siriri, ganye rawaya. Daga nan ƙuduji ya ɓullo, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero tun daga saiwa, wadda ta fi son ƙasar da ta gaji. Gona ta yi ja kamar an shimfiɗa zane. Ranar ɗauri Badaru ya ƙirga dami ashirin da biyu, ya sake ƙirgawa, bai ƙaru ba.

Wannan karon bai sayar da kara ba. Ya saɓa babbar riga ya nufi ruga, ya durƙusa gaban Usmanu.

"Baffa, na yi kuskure. Ka yahe mani, ka maido shanu."

"Na yahe maka tun ranar," in ji dattijon. "Amma na ba Dalhatu magana. Shi yat tarbe ni ranar da ban da inda za ni aje su. Kuma ko ban ba shi ba, na bi ta gonarka jiya. Karan da ag gare ta ba shi riƙe shanuna kwana goma. In ba su ci ba, mi za su bari?"

Gonar na bukatar shanu kafin ta yi kara, shanu na bukatar kara kafin su zauna.

"To yanzu ƙaƙa za ni yi, Baffa?"

"Akwai taki nan bayan ruga, ban hana ka ba. Ka zo da jaki ka riƙa ɗiba. Ka ɗauki gehe guda ka cika shi bana, baɗi ka matsa gaba."

"Shekara nawa kahin ta dawo?"

"In ka tsaya mata, biyar."

Shekara biyar! Mutumin da bai taɓa riƙe sana'a wata biyar ba. Ya ari jaki ya yi jigila kwana tara, ya ga ko kusurwa ɗaya bai rufe ba, sai ya ji an ce ana samu da sayar da ƙanƙara lokacin zafi. Ya mayar da jakin aro ya kama hanyar Isa.

Dami ashirin da biyu ba ya kai mutum bakwai ko'ina. Ana tsakiyar noman fari Sadiƙa ta ce a fiddo hatsi. Badaru ya hau rumbu ya leƙa, ya shiga ciki, ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya tattara abin da ya rage, bai cika kwando ba. Tun da aka gina rumbun nan ba wanda ya taɓa ganin gindinsa da damina sai ranar. Ya miƙo mata kwandon bai iya duban fuskarta ba. Ta karɓa ta nufi turmi.

Kwana uku bayan haka ya ɗauki hauya ya tafi gonar Dalhatu neman ƙwadago, a biya shi da tiya biyu ta gero duk yini. Dalhatu ya ji nauyi, ya so ya ba shi kyauta, amma bakin mutum bakwai har kaka ya fi ƙarfin kyauta. Badaru ya shiga layi da sauran 'yan ƙwadago yana nome geron da ya kai masa gwiwa, baƙi ƙirin don ƙoshi. In ya ɗaga kai, ga tasa gonar can tsallaken iyaka, ciyawa ta fi shukar tsawo.

Ran nan da azahar suna hutawa, Dalhatu ya zauna kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Abokina, taka fa? In ba ka nome ta cikin satin ga ba, ta tahi."

Badaru ya daɗe yana kallon gonar mahaifinsa. Ƙafar nan da ba ta zama wuri ɗaya ta yi lakwas a ƙasa.

"Na sani," in ji shi. "Amma in na bar nan yau, gobe ba a ɗora tukunya gidana."

Ya tashi ya ɗauki hauyarsa ya koma layi. Shekarar ba a ɗaure dami ko ɗaya a gonar Badaru ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Neman na ƙari abu ne mai kyau, zamanin nan ma ya zama dole, kuma hanyoyinsa na nan a ƙofar gidan kowa: harawa, kiwo, caji, saye da ajiya. Amma kafin ka sayar da wani abu don ka ga yana kawo kuɗi yau, tsaya ka tambayi kanka aikin da yake yi maka a inda yake. Kada ƙaramar sana'a ta cinye babbar da ke ciyar da gidanka, kada kuma ka yar da mutumin da kuka daɗe kuna amfanar juna saboda cinikin kwana biyar. Ka zaɓi sana'a ɗaya ka tsaya mata har ta nuna. Dalhatu bai fi Badaru wayo ko ƙarfi ba, jira kawai ya iya.