Simintin Tek-lai a Shingen Kifi

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, bakin teku a tsibiran Penghu, sunansa Ang Tek-lai. In ka zauna da shi, zai rantse maka teku ba ta taɓa rushe abin da hannunsa ya gina ba. Har cewa yake igiyar ruwa in ta hango shi sai ta rage gudu ta gaishe shi. Mu dai ba mu taɓa gani ba, wataƙila ranar ba ma nan.

Gidansu na cikin gidajen da suka gaji shingen kifi, duwatsun nan da kakanni suka jera cikin teku. Ruwa ya cika kifi ya shigo, ruwa ya janye kifi ya rasa hanyar fita. Kowane gida da ɓangaren da yake gyarawa, da ranar kamunsa. Wanda ya bar nasa ya lalace, a cire sunansa daga ƙuri'ar shekara da ake raba ranakun kamu da ita, rabon gidansu ya tafi ke nan.

Da baƙi masu yawon buɗe ido suka fara yawa, Tek-lai ya buɗe masauki. Baƙin na son hawa shingen su ɗauki hoto, ga duwatsu na motsi, ga santsi. Sai dabara ta faɗo masa. Ya sayo siminti ya shafe ɓangarensa sumul.

Kawu Kho, dattijon masu shingen, ya zo ya tsaya yana kallo.

"Tek-lai, titin mota kake yi wa kifin?"

"Kawu, zamani ne. Naku jera duwatsu, nawa gini."

"To ruwan fa, ta ina zai bi?"

"Ya zagaya. Ai ya san ni."

A gida matarsa Siu-kim ta ce, "Ramukan da mahaifinka ya bari tsakanin duwatsun nan, kana ganin mantuwa ya yi?" Ya ce ta ji da tukunyarta.

Bazara ta yi masa kyau. Baƙi na tafiya a kan siminti da takalma masu tsini. Ƙananan kifin da a da suke sulalewa ta ramuka su je su girma, yanzu a gindin ginin suke mutuwa. Tek-lai ya ce ƙarar kwana ce.

Sai guguwar teku ta zo. Ɓangaren kowa ya bar ruwa ya ratsa, duwatsu kaɗan suka zube. Na Tek-lai ya tare ruwa da ƙirji, ruwa kuwa ya ɗauke shi gaba ɗaya, har da duwatsun da mahaifinsa ya jera. Aka wayi gari da giɓin da kwale-kwale zai wuce. Kifin kowane gida ta nan yake ficewa.

Aka taru a farfajiyar ɗakin bauta. Kawu Kho bai ɗaga murya ba.

"Ka toshe shi kafin iskar hunturu ta taso. In ba haka ba, bana ba sunan gidanku a ƙuri'a."

"Aikin kwana biyu ne," in ji Tek-lai.

Aka yi mako, bai jera abin da ya kai tsayin gwiwa ba, bayansa kuma ya riƙe. Ya zauna a kan dutse yana kallon giɓin, yana tunanin da wane ido zai kai turare kabarin mahaifinsa.

Siu-kim ce ta cece shi. Tana zuba wa baƙi taliya da kabewa, ta ce, "Masu son hoto, gobe akwai wanda ya fi na kan siminti. Sai dai za ku jiƙe."

Washegari baƙin suka fito da janyewar ruwa, suka yi layi, dutse na bin hannu zuwa hannu. Kawu Kho na nuna musu yadda ake kwantar da kowane dutse a bar wa ruwa hanya. Maƙwabta suka zo don su yi dariya, suka ƙare da naɗe wando. Kafin iska ta juya, giɓi ya toshe, sunan gidan Ang ya shiga ƙuri'a.

Yanzu ba mai hawa shingen don hoto. Baƙi gyara suke zuwa yi, wasu ma kowace shekara, su ci kifin ranar su koma.

Bana na ji Tek-lai yana yi wa sababbin baƙi bayani a bakin ruwa.

"Ni na kawo tsarin nan. Akwai masu son a zuba siminti, na ce sai dai a kan gawata."

Wata baƙuwa da ke zaune a kan wani ƙaton gutsuren siminti da ruwa ya turo gaɓa ta sunkuya tana share yashi.

"Baba, nan an rubuta da yatsa tun yana ɗanye: Ang Tek-lai ne ya gina. Kuna da yawa ne masu sunan?"

Siu-kim ta ce, "Ɗaya ne, 'yata. Shi ma ya ishe mu."

Darasi: Kafin ka gyara abin da ka gada don ya burge baƙo, tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka. Baƙon kirki zai fi son ya taya ka kiyaye wurinku da ya taka shi ya wuce. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu buhun siminti a ajiye.