Fam Ɗarin Alhaji Mamuda

Ku matso kusa, wannan ba ta dariya ba ce.

Alhaji Mamuda tsohon ɗan canji ne a Wapa. Abokansa sun tara gidaje, shi kuwa ya tara tsofaffin kuɗin da ba sa sayen ko gishiri. Wadda ya fi ƙauna ita ce takardar fam ɗari ta ƙasar Ayalan, mai hoton wata mace da mayafi ta yi tagumi. Irinta ta yi wuyar samu, har wani Balabane, wato ɗan Labanan, mai tara irin waɗannan kuɗi a Legas ya sha roƙon a sayar masa. Kullum Alhaji sai ya ja hanci ya ce, "Wannan baiwar Allah, sai dai bayan raina."

Sai ciwon ido ya kama shi, ya daina gani. Likita ya ce in ba a yi aiki kafin azumi ba, ganin ya tafi ke nan. Gidan kuwa babu abin sayarwa.

Lantana, babbar 'yarsa, ita ke jinyarsa, ta san inda yake ɓoye makullin akwatinsa. Ta zare takardar daga ledarta, ta sa wata farar takarda daidai girmanta. Duk Juma'a tana zaune tana kallon mahaifinta yana shafa ledar yana murmushi, ita kuwa tana haɗiye kuka.

Ɗanjuma ƙaninta ya ɗinke takardar cikin rigarsa ya nufi Legas. 'Yan fashi suka tare motarsu, suka karya masa hannu, bai nuna musu inda take ba.

Da ya isa, Balabanen kuma ya ce shi ba ya sayen kayan sata, sai ya ji daga bakin Alhaji. Sai Kubura, autarsu, wadda tun tana yarinya ake dukanta saboda kwaikwayon mutane, ta karɓi waya. Ta yi tarin Alhaji, ta ja hancinsa, ta ce, "Na yarda, ɗauke ta." Tana ajiye wayar ta fashe da kuka.

An yi wa Alhaji aiki da kuɗin, an dace. Gobe za a kwance masa ido. Ɗazu ya kamo hannun Lantana ya ce, "Uwata, ki zo min da akwatina asibiti. Bayan fuskokinku, ita nake so in fara gani."

To, su ukun nan, wa ya kamata ya tsaya gabansa ya faɗa masa?