Layi Ɗaya da Ya Hana Ƙanwarsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, malamin jami'a. Ba mugu ba ne, ina so ku riƙe wannan tun daga farko. Yana salla a kan lokaci, yana zumunci, ɗalibansa suna son sa. Ofishinsa ɗan ƙarami ne a hawa na biyu, littattafai har bakin taga. A nan yake zaunar da ɗalibai yana koya musu ƙa'ida: in ka ɗauko magana daga littafi, ka rubuta sunan mai ita da shekara da shafi. In daga intanet ne, ka sa adireshin da ranar da ka duba. Jan bironsa ya sa ɗalibai da yawa kuka a kan wannan.

Yana da ƙanwa, ita ce autarsu, kowa Auta yake ce mata. Tana koyarwa a makarantar yara kurame. Shekara shida tana rubuta abin da ta gani a aji a wani ɗan shafinta na intanet: yadda take koya wa yara lissafi da murafun kwalba, yadda take zagaya kujeru don kowa ya ga hannun kowa. Masu karanta shafin ba su taka kara sun karya ba. Amma duk abin da ta rubuta sai ta tura wa yayanta.

"Yaya Dakta, a duba mini, amma a tausaya da jan biron nan."

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Auta, ke kam kin fi mu da ake ce wa masana."

Lokacin ƙarin girma ya zo, maƙala ɗaya ta rage masa, kwanaki kuma sun ƙure. Ya buɗe shafin Auta, ya ga abin da yake nema a zube, an riga an gyara. Ya kwashi shafi uku, ya canza 'yan kalmomi, ya zuba a cikin tasa.

Da ya zo jerin manazarta, ya rubuta sunaye talatin da wani abu. Mutanen da bai taɓa gani ba, na ƙasashe masu nisa, kowa ya ba shi haƙƙinsa har da lambar shafi. Da ya zo kan ƙanwarsa sai hannunsa ya tsaya. Zuciya ta ce masa: wa zai sa shafin malamar firamare a tsakiyar farfesoshi? Ai sai a yi maka dariya. Kuma ta gida ce, abinta ai naka ne.

Layi ɗaya ne fa, jama'a. Minti nawa zai ci masa?

Mujalla ta buga maƙalar, aka ƙara masa girma. Auta ta zo taya murna, bakinta har kunne. Ba ta karanta ba, ba ta ma san inda ake samun irin wannan mujalla ba.

Bayan shekara biyu ta koma karatu a wata jami'a, ta rubuta kundinta da abin da ta tara a aji. Aka sa kundin a na'urar da ke gano satar rubutu, shafi uku suka yi ja. Kwamiti ya kira ta, aka ajiye mujallar a gabanta. Ta ga maganganunta, ta ga sunan yayanta a samansu.

Shugaban kwamitin ya ce, "Baiwar Allah, rubutun nan na wane ne?"

Wayarta tana cikin jaka. Da a ce ta buɗe shafinta, da kwanan watan da ke kai ya ishe ta shaida. Ta dubi sunan, ta sake dubawa, ta ce, "Ku yi haƙuri."

Aka kore ta. Ta koma gida ta goge shafin gaba ɗaya, aikin shekara takwas, don kada wani ya bi sawu ya kai ga yayanta. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye.

Mahaifiyarsu ce ta faɗa masa, tana kuka. "Wai Auta ta yi sata. Autar da ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya? Ka bincika mini mana, kai ne ka san harkar."

Ya ce, "To, Mama."

Ya sha jinin jikinsa, amma ya ja bakinsa ya yi gum. Wata huɗu yana shiga aji yana koyar da ƙa'idar ambaton marubuta. Da wane baki? Abinci ya daina shiga, ya rame, matarsa ta ɗauka ciwo ne.

Allah kuwa ba ya barci. A ɗakin karatu na jami'ar da ta kori Auta akwai wata ma'aikaciya mai 'ya kurma. Tun shekarun baya take buga rubutun Auta a takarda tana koya wa 'yarta a gida, kuma kowace takarda da kwanan wata a ƙasanta. Da labari ya kai mata, ta ɗauko su ta kai wa kwamiti.

Daga nan abin bai ɗauki lokaci ba. Mujalla ta janye maƙalar, ta kuma sanar da dalili. Jami'arsa ta karɓe girman da ta ba shi, sannan ta sallame shi. Ya zuba littattafansa a kwalaye yana saukowa da su, ɗaliban da ya sha yi wa jan biro suna tsaye a baranda. Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya ma ya karɓi kwalin ya kai masa mota, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aka mayar da Auta karatu. Ya tafi gidanta, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa sallama. Ita ta hango shi ta fito.

"Yaya, shigo mana, rana ta yi yawa."

Ya zauna, hawaye suna zuba. Ta kawo masa ruwa.

"Auta, me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Da ka tambaye ni, wallahi da na ba ka duka. Da na ga sunana a cikin rubutunka, da sai na nuna wa kowa a unguwa."

"Amma me ya sa kika yi shiru?"

Ta ce, "Jira nake kai ka faɗa, Yaya."

Ya 'yan uwa, ilimi amana ne. Malamanmu na farko ba sa kawo magana sai sun ce wane ya faɗa mini, shi kuma daga wane. Ba su ji kunyar ambaton wanda bai kai su ba. Mutumin nan ya girmama na nesa, ya raina na kusa, sai aka kira mai gaskiya ɓarauniya yana ji yana gani. Kai ɗalibi, ke malama, duk wanda ka ɗauki maganarsa, a littafi ne ko a waya, babba ne ko ƙarami, ka faɗi sunansa. In kuwa ka riga ka yi kuskure, kada ka bar wani yana jiran ka.

Allah ya kiyaye mu daga cin haƙƙin waɗanda suke ƙaunar mu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun kafin a faɗe ta a madadinmu. Amin.